Makullin Ɗaki: Tarihin Amurka da 'Yan Mazan Jiyanta Marasa Matsuguni

Da yammacin ranar 28 ga Yulin 1932, sojojin Amurka suka fito titin Pennsylvania a birnin Washinton da dawakai da tankokin yaƙi da barkonon tsohuwa, domin su kori wasu mutane da shekara 14 kacal kafin nan suke sanye da irin kakin da ke jikinsu. Janar Douglas MacArthur, babban hafsan sojan ƙasa, shi ya jagoranci aikin da kansa. A gefensa akwai Manjo Dwight Eisenhower, wanda daga baya zai zama shugaban ƙasa, a cikin mahaya dawakan kuma akwai Manjo George Patton. Kafin gari ya waye, bukkokin kwano da kwali da dubban tsofaffin sojoji suka kafa a fadamar Anacostia sun zama toka. Tun da rana 'yan sanda sun riga sun harbe biyu daga cikinsu, William Hushka da Eric Carlson.

Abin da ya kawo su babban birnin bashi ne. A 1924 Majalisar Dokoki ta amince a biya duk wanda ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya wani kuɗin sallama, dala 1 a kan kowace rana da ya yi aiki a gida, dala 1.25 a kan kowace rana a ƙasar waje. Sai dai takardar shaida aka ba su, wadda ba za ta zama kuɗi ba sai 1945. Da tattalin arziki ya durƙushe a 1929, mutumin da ya rasa aiki, mai gida kuma ya watso masa kaya waje, bai ga hikimar riƙe takardar da sai bayan shekaru masu yawa za ta cika masa ciki ba. Wani tsohon saja mai suna Walter Waters ya taso da ayari daga Portland a jihar Oregon, suna maƙalewa a jiragen ƙasa na kaya, wasu suka yi ta biyo baya daga kowace kusurwa, da yawa da mata da 'ya'ya. Majalisar Wakilai ta yarda a biya su nan take, Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin da ƙuri'a 62 da 18. Da yawansu ba su da gidan komawa, sai suka zauna.

Wannan rana ita ce mafi muni a wata doguwar muhawara da Amurka ke yi da kanta tun ƙarni na 19: me ƙasa take bin wanda ta tura yaƙi, kuma wa zai sauke nauyin idan ya dawo ya rasa wurin kwana? Amsar ta yi ta kai-komo tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin agaji waɗanda ba riba suke nema ba. Wanda ya bi tarihin zai ga wani tsari yana maimaituwa. 'Yan ƙungiya, galibinsu tsofaffin sojoji ne su ma, su ke fara gano inda ciwon yake, su gwada magani da ɗan abin hannunsu. Gwamnati kuma takan iso a makare, amma idan ta iso da kuɗinta sai abin ya kai ga dubbai.

Gidan soja

Mafarin zancen shi ne yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. A ranar 3 ga Maris na 1865 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar kafa gidajen kula da nakasassun sojojin Arewa, washegari kuma, a jawabin rantsuwarsa ta biyu, ya ɗora wa ƙasa alhakin kula da wanda ya sha wuyar fagen fama da matar da ya bari da marayunsa. Reshe na farko ya buɗe a Togus cikin jihar Maine a 1866. Gidajen nan ƙauyuka ne sukutum, da asibiti da majami'a da gona da maƙabarta. Mazauna ciki na sanye da kaki, ana tashinsu da begila, ba mai fita sai da izini, wanda ya yi maye ko ya karya doka a hukunta shi ko a kore shi. An ba mutum gado da abinci, amma a matsayin soja har ya mutu. Komawa rayuwar farar hula ba ta cikin lissafi.

Ɗaya daga cikin rassan yana yammacin birnin Los Angeles, a kan fili da wata attajira, Arcadia Bandini de Baker, da Sanata John P. Jones suka bayar kyauta a 1888, bisa sharaɗin ya zama mazaunin nakasassun sojoji. A riƙe wannan fili a rai, domin zancensa bai ƙare ba har yau.

A wajen katangar gidajen, ƙungiyar tsofaffin sojojin Arewa da aka kafa a 1866, Grand Army of the Republic, ta zama ƙarfin siyasa da ba ɗan takarar da ke wasa da shi. Ta matsa har fanshon yaƙin basasa ya ci fiye da kashi 40 cikin 100 na kuɗin gwamnatin tarayya a 1893. Duk da haka, bayan karayar tattalin arziki ta 1873, cikin mazan da ke yawo a bakin layin dogo suna neman aikin ƙodago akwai tsofaffin sojoji masu yawa, waɗanda a sansanin yaƙi suka koyi kwanan daji da hawan jirgin kaya. Jihohi suka yi musu dokokin hana yawon banza. Tun daga lokacin aka raba 'yan mazan jiya gida biyu a tunanin jama'a: gwarzon da ya cancanci fansho, da ɗan yawon da ya cancanci kurkuku, alhali sau da yawa mutum ɗaya ne.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya haifi sababbin ƙungiyoyi, American Legion a birnin Paris a 1919, da ta nakasassun sojoji, Disabled American Veterans, a 1920. Gwamnati ta kafa hukumar tsofaffin sojoji a 1921, shugabanta na farko Charles Forbes ya wawure dukiyarta ya ƙare a gidan yari. A 1930 aka haɗe hukumomin wuri ɗaya a ƙarƙashin sunan da ake taƙaitawa da VA, wadda ta zama cikakkiyar ma'aikata a 1989. Shekara biyu bayan haɗewar aka ƙona Anacostia. Da Franklin Roosevelt ya hau mulki shi ma bai yarda da biyan kuɗin ba, ya dai tura dubban tsofaffin sojoji sansanonin aikin gwamnati. Wasu aka kai su tsibiran kudancin Florida aikin hanya, inda guguwar teku ta watan Satumban 1935 ta hallaka fiye da 250 daga cikinsu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. A Janairun 1936 Majalisa ta tsallake kujerar na-ƙi da shugaban ya hau, aka biya bashin.

Tsoron sake ganin irin wannan ne ya haifi dokar da aka fi yabo a tarihin 'yan mazan jiya, wadda aka sani da GI Bill, da Roosevelt ya sa wa hannu a ranar 22 ga Yunin 1944. Ƙungiya ce ta rubuta daftarinta na farko, ta hannun Harry Colmery, tsohon shugaban American Legion. Amurkawa kusan miliyan 16 ne suka shiga kaki a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba wanda ke son ganinsu sun dawo kan titi. Dokar ta biya kuɗin karatu da koyon sana'a, ta tsaya wa soja ya ci bashin sayen gida, ta ba marar aiki dala 20 a mako har mako 52. Zuwa 1956 mutum miliyan 7.8 sun yi karatu ko horo a ƙarƙashinta.

Ba kowa ta rungume ba. Ɗan majalisa John Rankin na Mississippi da abokansa sun tabbatar an bar aiwatarwa a hannun jami'an jihohi da bankunan gari, waɗanda a Kudu suke ƙarƙashin tsarin wariyar launin fata. Wani bincike da mujallar Ebony ta yi a biranen Mississippi 13 a 1947 ya samu cewa daga cikin basussuka 3,229 da VA ta tsaya wa, biyu kawai suka je hannun baƙar fata. Gida shi ne dukiyar da iyalin Amurka ke bar wa 'ya'ya, saboda haka wanda aka hana kakansa a 1947 ya taso ba inda zai jingina ranar da ƙafa ta zame. Yau kusan ɗaya cikin uku na tsofaffin sojoji marasa matsuguni baƙar fata ne, ninki biyu da ɗoriya na kasonsu a cikin tsofaffin sojoji baki ɗaya.

Bayan Biyetnam

Waɗanda suka dawo daga Biyetnam sun tarar da ƙasa a rabe kan yaƙin, manyan ƙungiyoyin 'yan mazan jiya kuma suna hannun dattawan yaƙin 1940 da wani abu, waɗanda ba su ɗauke su da daraja ba. Sai suka koma wa juna. A 1970 a New York wasu daga cikinsu suka fara zama a da'ira suna faɗa wa juna abin da ke hana su barci, tare da likitocin ƙwaƙwalwa biyu, Robert Jay Lifton da Chaim Shatan. Daga waɗannan zama aka soma fafutukar da ta kai ga likitoci suka amince a 1980 cewa firgicin da ke bin mutum bayan mummunan tashin hankali, wanda ake taƙaitawa da PTSD, cuta ce mai suna. Shekara guda kafin haka Majalisa ta kwafi dabarar, ta kafa cibiyoyin ba da shawara a cikin unguwanni, nesa da asibitocin VA, tsofaffin sojoji ne ma'aikatansu.

A San Francisco wasu suka kafa ƙungiyar Swords to Plowshares a 1974, sunan da ke nufin a mayar da takobi garma. Su ne suka fi damuwa da wata matsala da mai kallo daga waje ba zai lura da ita ba, wato takardar sallama. Soja yana barin aiki da takarda mai matakai, daga sallamar girmamawa har zuwa korar wulaƙanci, a tsakiya kuma akwai wadda kwamanda ke iya bayarwa ba tare da an je kotun soja ba, saboda faɗa ko shan ƙwaya ko ƙin zuwa aiki. Dokar 1944 ta ce korar wulaƙanci ce ke hana mutum haƙƙinsa, amma ƙa'idojin da VA ta tsara sun rufe ƙofa ga mafi yawan masu takardar tsakiya. Abin takaicin shi ne, laifuffukan da ke jawo wannan takarda su ne ainihin alamun firgicin yaƙi. Yaron da ya dawo daga fage ya kama shan abin da zai sa shi barci, aka sallame shi da mummunar takarda, ita kuma ta hana shi asibitin da zai yi masa magani. Wani rahoto da ƙungiyar ta fitar a 2016 tare da masana shari'a na jami'ar Harvard ya nuna cewa an rufe wa kashi 1.7 cikin 100 na sojojin Yaƙin Duniya na Biyu ƙofa, kashi 2.8 na zamanin Biyetnam, da kashi 6.5 na waɗanda suka yi aiki bayan 2001. Shi ya sa lauya ya zama ma'aikaci mai muhimmanci a irin waɗannan ƙungiyoyi kamar likita.

Farkon shekarun 1980 ne Amurkawa suka soma ganin mutane na kwana a bakin titi da yawan da ba a gani ba tun zamanin Hoover. Dalilai sun taru: masana'antu sun rufe, an rushe tsofaffin otal-otal masu ɗaki ɗaya mai araha a tsakiyar birane, an sallami majinyata daga manyan asibitocin masu taɓin hankali ba tare da an tanadi inda za su je ba, gwamnatin tarayya kuma ta rage gina gidajen talakawa. Hoton da ya zauna a zukatan mutane shi ne na tsohon sojan Biyetnam da kwali a hannu. Binciken likitan ƙwaƙwalwa Robert Rosenheck na jami'ar Yale ya gyara hoton. Waɗanda suka fi shiga haɗarin rasa gida, in an gwada su da tsararsu fararen hula, su ne waɗanda suka shiga soja bayan an daina ɗaukar dole a 1973, lokacin da aikin ya rasa farin jini, rundunar ta riƙa karɓar samari daga gidaje masu rauni. Da yawansu ba su taɓa jin ƙarar harsashi a fage ba. Talauci da kaɗaici da tsadar haya sun yi aikin da aka ɗora wa yaƙi shi kaɗai.

A 1988 wasu tsofaffin sojojin Biyetnam biyu a San Diego, Robert Van Keuren da Dakta Jon Nachison, suka shirya wani taro na kwana uku da suka kira Stand Down. A harshen soja kalmar na nufin lokacin da ake janye runduna daga bakin daga ta koma sansani, ta yi wanka, ta sauya kaya, ta ci abinci mai zafi, ta karɓi wasiƙu. Suka kafa tantuna, suka tara likitoci da wanzamai da jami'an gwamnati wuri guda, maimakon marar gida ya yi ta zagayen ofisoshi da ƙafa. Da aka tambayi mahalarta babbar buƙatarsu, fiye da 100 suka ambaci abin da masu shiryawa ba su zata ba: sammacin kotu. Tarar kwana a bakin titi ko shan giya a fili, wadda ba a biya ba, takan zama takardar kamu, ita kuma ta hana mutum neman aiki ko lasisin tuƙi don tsoron a cafke shi. Shekara mai zuwa, da ƙoƙarin wani lauyan gwamnati mai kare marasa hali, Steve Binder, alƙali ya zo ya zauna a wurin taron yana warware ƙananan shari'o'i. Dabarar ta bazu zuwa birane da dama.

Matakala da makulli

Daga nan ƙungiyoyi suka yawaita. An kafa gamayyarsu ta ƙasa, National Coalition for Homeless Veterans, a 1990. A Los Angeles alƙalin tarayya Harry Pregerson, wanda aka raunata a Okinawa, ya tsaya aka kafa wadda ta zama U.S.VETS a 1993. Majalisa ta yi dokar McKinney kan marasa matsuguni a 1987, sannan a 1992 ta ba VA izinin biyan ƙungiyoyi kuɗin gini da kuɗin kwanan kowane tsohon soja da suka ajiye, har tsawon wata 24.

Tunanin da ke ƙarƙashin wannan tsari kamar matakala yake. Mutum zai fara da ɗakin kwanan jama'a, ya daina sha, ya riƙa shan magani, ya bi dokar gida, ya samu aiki, sannan a ce ya isa a ba shi ɗakin kansa. Wanda ya zame a mataki na uku ya koma ƙasa. Jikan gidan soja na 1866 ne, an sauya masa riga. Ya taimaki mutane da yawa, musamman masu son zama cikin 'yan'uwa sojoji da tsari irin na bariki, kuma rashin adalci ne a ce bai yi amfani ba. Amma waɗanda suka fi jigata, masu taɓin hankali da waɗanda shaye-shaye ya yi wa katutu, su ne ba sa iya hawa, su ne kuma ke shekara goma a titi suna kai-komo tsakanin ɗakin gaggawa na asibiti da ofishin 'yan sanda.

A wannan shekara ta 1992 wani masanin halayyar ɗan'adam a New York, Sam Tsemberis, ya kafa ƙungiyar Pathways to Housing ya juya matakalar. Ya ce a fara ba mutum makullin ɗaki da takardar haya da sunansa, ba tare da sharaɗin ya daina komai ba, sannan a riƙa zuwa masa da tayin magani. Hujjarsa mai sauƙi ce: wanda bai san inda zai kwana yau ba, ba ya iya ajiye magani ko cika alkawarin ganin likita. Masu suka suka ce an ba mashayi lada. Gwaje-gwaje a Amurka da Kanada sun nuna cewa mafi yawan waɗanda aka ba ɗaki ta wannan hanya suna nan a ciki bayan shekara ɗaya da biyu, fiye da na tsohon tsari nesa ba kusa ba. Sun kuma nuna cewa ɗakin shi kaɗai ba ya raba mutum da ƙwaya. Yana kawar da rashin matsuguni, sauran ciwon kuma sai an bi shi da nasa magani.

Kuɗin da ya mayar da dabarar aikin ƙasa ya zo ne lokacin da sojoji ke dawowa daga Iraƙi da Afganistan. A 2008 Majalisa ta farfaɗo da wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin VA da ma'aikatar gidaje, HUD-VASH, da takardun tallafin haya 10,000 a karon farko. Tsohon soja ya biya kusan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, gwamnati ta cika wa mai gida sauran, jami'in VA kuma yana bin sawunsa. An ci gaba da ƙarawa har suka haura 100,000. A Nuwamban 2009 ministan tsofaffin sojoji, Janar Eric Shinseki, wanda ya rasa wani ɓangare na ƙafarsa a Biyetnam, ya yi alkawarin kawo ƙarshen matsalar cikin shekara biyar. A 2012 ma'aikatar ta rungumi tsarin fara ba da gida a hukumance.

Shirin da ya fi shafar ƙungiyoyi shi ne na tallafa wa iyalan tsofaffin sojoji, SSVF, wanda doka ta kafa a 2008, ya fara aiki a 2011 da kusan dala miliyan 60 da aka raba wa ƙungiyoyi 85. Zuwa 2024 kuɗin ya kusa dala miliyan 800 a shekara. An tsara shi ne domin iyalin da abin da suke samu bai kai rabin matsakaicin samun yankinsu ba, ko sun riga sun rasa gida, ko suna gab da rasawa. Aikin ba shi da armashi a ido. Ma'aikaciyar ƙungiya za ta biya bashin hayar wata biyu kafin kotu ta ba da umarnin kora, ta biya kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa kafin ya miƙa makulli, ta sa a maido da wutar da aka yanke, ta gyara motar da mutum ke zuwa aiki da ita, ta nemo takardar sallamar da ta ɓata shekara 30. Kuɗin ba ya shiga hannun tsohon sojan, kai tsaye ake biyan mai gida ko kamfanin lantarki. Mafi wuyar aikin shi ne lallashin masu gidajen haya su karɓi mutumin da aka taɓa kora ko aka taɓa ɗaurewa, kuma wannan sai wanda ya san gari, yana da lambar wayar da za a kira da tsakar dare idan rigima ta tashi. Ma'aikatar tarayya ba ta iya wannan. Volunteers of America da Catholic Charities da Salvation Army da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyin gari sun iya.

Abu na uku da ya sauya shi ne lissafi. A da kowace ƙungiya na da nata kundi, mutum ɗaya ya bayyana a wurare biyar ko ya ɓace a tsakaninsu. Ƙungiyar Community Solutions ta Rosanne Haggerty ta yaɗa dabarar jerin suna guda ɗaya ga gari duka: kowane tsohon soja marar gida da sunansa da inda yake kwana da wanda ke da alhakinsa, ana zama a kai a kai ana bin jerin ɗaya bayan ɗaya. New Orleans ta yi amfani da sojoji masu aiki da tsofaffi suna zagaya gari da dare suna neman 'yan'uwansu, ta sama wa mutum 227 gida, ta zama babban birni na farko da ya sanar da cika burin a Janairun 2015. Jihar Virginia ta biyo baya a Nuwamban shekarar, sai Connecticut da Delaware. Sanarwar ba ta nufin ba wanda zai sake faɗawa titi. Ma'anarta ita ce garin na da tsarin da zai gano shi ya ɗauke shi cikin 'yan makonni.

Alkawarin Shinseki bai cika ba, shi kansa ya yi murabus a Mayun 2014 saboda badaƙalar ɓoye jerin majinyata masu jiran likita a asibitin Phoenix. Amma ƙidayar da ake yi a dare ɗaya cikin Janairun kowace shekara ta sauko daga 74,087 a 2010 zuwa 32,882 a 2024, ragin da ya haura rabi. Dole a karanta adadin da hattara. Ƙidayar dare ɗaya ba ta ganin mai kwana a falon aboki, yawan tsofaffin sojoji a ƙasar ma ya ragu da miliyoyi saboda mutuwar dattawa. Duk da haka kwatancen da ke gefensa yana da nauyi: a wannan shekara ta 2024 jimillar marasa matsuguni a Amurka ta haura 770,000, ƙarin kashi 18 cikin 100 a shekara guda, na tsofaffin sojoji kuwa yana sauka. Hayar da ke korar farar hula ita ce ke korar soja. Bambancin shi ne jam'iyyun biyu sun yarda su zuba kuɗi a kan mai kaki, alhali a cikin sauran talakawan da suka cancanci tallafin haya, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samu.

Wannan farin jini na soja yana da nasa ɓarayi. Wani mutum da ya kira kansa Bobby Thompson ya ƙirƙiri ƙungiyar bogi ta tsofaffin sojojin ruwa, ya tara miliyoyin daloli, har yana ɗaukar hoto da manyan 'yan siyasa. Kotu a Ohio ta ɗaure shi shekara 28 a 2013, bayan an gano sunansa na gaskiya John Donald Cody. A 2018 hukumar kare masu saye ta tarayya da jihohi suka sanar da matakai fiye da 100 a kan irin waɗannan ƙungiyoyi. Ƙungiyar da ke aiki da kuɗin SSVF tana ƙarƙashin binciken kuɗi da ƙidayar mutum nawa ta sa a gida, wadda ke tara sadaka da hoton tuta a talabijin kuwa sau da yawa ba mai tambayarta.

Tsarin fara ba da gida shi ma yanzu yana fuskantar ƙalubale. A Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wani umarni da ke neman hukumomin tarayya su janye goyon baya daga gare shi, su fifita shirye-shiryen da ke gindaya sharaɗin magani. Muhawarar matakala da makulli ta dawo sabuwa, kuma ƙungiyoyin da rayuwarsu ta rataya a kan kwangilar gwamnati su ne za su fara jin sauyin.

Saura filin nan na 1888. Gidan soja na yammacin Los Angeles ya taɓa ɗaukar dubban mazauna, amma bayan girgizar ƙasa ta 1971 aka kwashe su, gine-gine suka zama kufai. Filin mai eka 388 yana tsakiyar unguwannin da suka fi tsada a Amurka, sai VA ta riƙa ba da hayar sassansa: filin wasan ƙwallon gora na jami'ar UCLA, wuraren wasannin wata makarantar 'ya'yan masu kuɗi, wurin ajiye motoci, har da rijiyar mai. Wannan kuwa a jihar Kalifoniya, wadda ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffin sojoji marasa gida a ƙasar. A 2011 lauyoyin kare haƙƙi suka kai ƙara a madadin nakasassun sojoji, aka sasanta a 2015, ma'aikatar ta yi alkawarin gidaje 1,200. Gini ya yi ta jan ƙafa. Tsofaffin sojoji suka kafa tantuna a jikin shingen filin, a titin San Vicente, kowane tanti da tutar Amurka, har zuwa Nuwamban 2021 da aka tashe su aka shigar da wasu ƙananan rumfuna a ciki. Aka sake komawa kotu. A Satumban 2024 alƙali David O. Carter, wanda shi ma an raunata shi a Biyetnam, ya soke wasu daga cikin yarjejeniyoyin hayar, ya umarci a ƙara gidajen dindindin 1,800 da na wucin gadi 750. Ma'aikatar ta ɗaukaka ƙara. A Mayun 2025 fadar shugaban ƙasa ta fitar da nata umarnin, cewa a mayar da filin cibiyar da za ta ɗauki tsofaffin sojoji 6,000 kafin 2028, ninki biyar na gidajen da aka yi alkawari shekara goma da suka wuce ba a kammala ba.